Wa Zai Auri Jahila? a Ƙasar Maraɗi: Littafi da Masauki

Masu kasa littattafai a bakin titi, a Yamai ko a Maraɗi, ba su rasa wani rukuni na littattafan Faransanci da ake kira na gina kai. Akasarinsu fassara ce daga Amurka, kamar na Dale Carnegie na 1936 a kan dabarun zama da mutane, da na Robert Kiyosaki na 1997 a kan uba mai arziki da uba matalauci. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata ke sayensu, kuma alkawarin da suke ɗauke da shi ɗaya ne: mutum ya gyara tunaninsa, rayuwarsa ta gyaru. Sai dai duk sun ginu bisa zaton cewa mai karatu shi ke riƙe da linzamin kansa, yana da albashi ko jari, kuma ba mai yanke masa hukunci a zaure ba tare da saninsa ba. Yarinya ƴar shekara 13 a wani ƙauye na gundumar Gazawa ba ta cikin lissafinsu ko kaɗan.

In ana batun littattafan da suka tsara rayuwar jama'a a Agye da Gazawa da Gidan Runji, adalci shi ne a fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, domin su suka koya wa mutane tsarki da salla, kuma har gobe su ake fara buɗewa a makarantun zaure. Bayansu akwai wani rukunin da manya ba su cika son a ambata ba, wato ƙagaggun labarai na Kano, waɗanda tun daga wajejen ƙarshen shekarun 1980 suke biyo hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su sauka Maraɗi, daga nan su bazu cikin kasuwanni da ɗakunan mata. An yi musu kuɗin goro an kira su littattafan soyayya. An zarge su da ɓata tarbiyya, har a 2007 gwamnatin Kano ta lokacin Malam Ibrahim Shekarau ta cinna wa wasu wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Cikinsu akwai shirme mai yawa, ba a musu. Amma cikinsu ne kuma aka sami Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, kuma da wuya a sami ƙagaggen labarin da ya fi shi kusa da abin da ke faruwa a gidajen wannan yanki.

Marubuciyar ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban Nijeriya da aka kashe a 1976, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana ƙarama ba. Bayan auren ya mutu ne ta koma karatu ta hanyar ajin manya. Labarin Abu, tauraruwar littafin, ya ɗebo daga wannan rijiya. Abu ƴar ƙauye ce mai son karatu, shekarunta 13. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta saboda surutun cewa ta yi girma da fita. Ɗan'uwanta da aka yi mata alkawarinsa tun suna yara ya ɗanɗana zaman birni, ya ce shi ba ya auren jahila. Don a rufe kunya, kuma don kyaututtukan da aka riga aka karɓa, sai aka aurar da ita ga Sarkin Noma, mutumin da ya haura hamsin. Ta gudu zuwa birni wurin wata daga cikin iyayenta mata, Hajiya Kumatu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ƙarfin littafin yana cikin kashinsa na farko. Marubuciyar ta nuna yadda ake ƙulla auren dole daki-daki, ba tare da ta mai da kowa dodo ba tun daga farko. Uban Abu ba ya ƙin ƴarsa. Tsoron bakin mutane ya kama shi, sannan kyauta ta ɗaure masa harshe, sannan girman kai ya hana shi janye magana. Wanda ya san zaman karkara ya san cewa haka abin yake tafiya: buhun hatsi a lokacin bazara, ɗan kuɗin magani, rance da ba a tambayi ranar biyansa ba, kafin a ankara yarinya ta zama bashi. Haka nan ba ta kauda kai ga daren farko ba. Ta rubuta shi a matsayin abin da yake, wato cin zarafin yarinya, a lokacin da yawancin marubuta ke tsallake wurin da jimla ɗaya. Hausarta kuwa ta tsakar gida ce, mai habaici da gatse, irin wadda mace ke ji ta san mace ce ta rubuta. Wani abin lura shi ne hujjarta ba daga waje ta aro ta ba. Da addini take ja da masu fakewa da addini, tana tuna musu cewa neman ilimi ya hau kan mace kamar yadda ya hau kan namiji. Wannan ne ya sa littafin ke iya shiga gidan da takardar wata ƙungiyar Turai ba ta isa ta leƙa ba.

Dacewarsa da jihar Maraɗi ba ta buƙatar dogon bayani. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuwa kafin su cika 15. A jihar Maraɗi adadin farko ya kai kashi 89.

Daga nan ne kuma wuyar maganar take farawa. Littafin da aka rubuta domin jahila, jahilar ba ta iya karanta shi. A Nijeriya ma haka ne, amma a Nijar akwai ƙarin wani shinge. Duk da makarantun gwaji masu koyarwa da harsuna biyu da aka fara a Damagaram a 1973, yawancin yaran da suka shiga lakwal da Faransanci suka koyi baƙaƙe. Yarinyar da ta yi aji huɗu ko biyar aka cire ta, ta fito da Faransancin da bai isa karanta labari ba, kuma ba wanda ya taɓa koya mata karanta harshen da take mafarki da shi. Wadda ta nace, da kanta take gano cewa abin da aka koya mata da “ou” a nan “u” ne, ta saba da ƙ da ɗ da ɓ, ta yi ta tuntuɓe har hanya ta buɗe. Mata da yawa a wannan yanki littattafan Kano ne malaminsu na karatun Hausa, kuma wannan kaɗai ya isa a sassauta wa littattafan hukunci. Sauran kuwa da kunne suke karatu: ɗaya ta karanta, biyar su saurara suna tsefe kai ko ɓarar gyaɗa. Yau wayar hannu ta karɓi wannan aiki, ana tura labarai da murya ta WhatsApp da YouTube. A 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma ayyanawa ba ta sa littafi a hannun kowa ba tukuna.

Ɗalibar da ta yi sa'a ta kai kwalej kuwa tana iya gamuwa da wannan jigo ta wata ƙofa. Sous l'orage na Seydou Badian, ɗan ƙasar Mali, wanda ya fito a 1957, ya daɗe cikin littattafan da ake karantawa a makarantun ƙasashe masu aiki da Faransanci. Can ma uba ne, Benfa, ke son ba da ƴarsa Kany ga wani attajiri mai mata, Famagan, alhali ita tana son karatunta da saurayinta Samou. Littafi ne mai kyau, mai natsuwa, ya ma fi na Balaraba tsari. Amma ɗaliba tana karanta shi da ƙamus a gefe, tana neman abin da za a tambaya a jarrabawa, ta rufe shi tare da littafin lissafi. Kany tana zama a cikin aji. Abu kuwa tana bin yarinya har ɗakin uwarta, domin da kalmomin da aka yi wa Abu faɗa, da su ake yi mata.

Wannan ba ya nufin littafin ba shi da rauni. Sunansa ma ya ɗauki ma'aunin da yake yaƙi da shi: tambayar tana auna ilimin mace da kasuwar aure, kamar amfanin karatu shi ne a sami miji mai daraja. Ana iya cewa gatse ne, marubuciyar ta ɗauko maganar saurayin ta mayar masa, kuma akwai gaskiya a nan. Sai dai mai karatu da yawa ba da gatse take ɗaukarsa ba. Na biyu, da zarar Abu ta isa birni sai hanya ta yi mata santsi fiye da kima, nasara na bin nasara, har labarin ya fara kama da waɗancan littattafan gina kai, inda himma kaɗai ke buɗe kowace ƙofa. A wannan fanni Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda ita ma ta fitar a 1990, ya fi gaskiya. Rabi, wadda miji ya kora da ƴaƴa tara, ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci, amma da mijin ya karye sai dangi suka taru suka mayar da ita gidansa. Ƙarshen yana da ɗaci, kuma duk macen da ta taɓa zama gaban taron dangi ta san ba ƙarya a ciki.

Duk da haka, in an sake karanta Wa Zai Auri Jahila? da idon mutumin Agye ko Gidan Runji, sai a ga himmar Abu ba ita kaɗai ta cece ta ba. Yarinya mai himma da ta gudu ba ta da wurin zuwa, ƙarshenta a komo da ita da bulala, ko ta ɓace a tasha. Abin da ya raba Abu da dubban irinta shi ne akwai gidan da ya buɗe mata, da babbar mace da ta yarda ta ɗauki fushin dangi a kanta. Ko a littafin Badian, sai da dattijo daga cikin dangi ya sa baki kafin Benfa ya sauko. Ke nan mai karatun da littafin ya fi buƙata ita ce mai matsayin Hajiya Kumatu: gwaggo ko inna ko yaya da ke zaune a gari, mai ɗaki da tukunya da bakin magana a cikin dangi. Yarinyar da ta karanta shi tana samun sunan abin da ke damunta, ta san ba a kanta aka fara ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wadda za ta iya mai da karatun ya zama aiki ita ce babbar.

Abin ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta aika waƙoƙinta ƙauyuka su kaɗai ba. Ta naɗa jajis, manyan mata masu mutunci, su suke ɗaukar karatun su kai wa ƴan taru. (Mutanen Tibiri da Maraɗi, waɗanda kakanninsu suka kafa garuruwan nan don ƙin bin Sakkwato, sa yi haƙuri da misalin.) Manoman Agye ma sun san haka ta fanninsu. Sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona maimakon a tumɓuke shi, wanda ya fara yaɗuwa daga yankin Maraɗi a shekarun 1980 har ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna da shi, daga gona zuwa gona ya bi, mutum ya ga na maƙwabcinsa ya kwaikwaya.

A wannan yanki aikin Hajiya Kumatu yana da suna da lokaci. Sunansa masauki, lokacinsa watan Oktoba. Ƙauyuka da yawa suna da firamare amma ba su da kwalej, saboda haka yarinyar da ta gama aji shida sai ta koma Gazawa ko Agye ko Tibiri ko wani babban gari, kuma sai an sami gidan da zai riƙe ta wata tara. Nan ne karatun ƴaƴa mata da yawa ke tsayawa. Uba yana tsoron abin da zai sami ƴarsa a gidan wani, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne, domin akwai masaukin da ke mai da ɗaliba ƴar aiki ko ƴar talla. Mai masauki kuma yana duba rumbunsa. In ba a daidaita ba, kafin kaka ta wuce an sa rana. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata ta nemi a riƙe su a makaranta har shekara 16, sai dai ba ta taɓa shekarun aure ba. Gidajen kwanan ɗalibai mata da aka fara ginawa a zamanin Bazoum Mohamed, daga 2021, amsa ce ga matsalar masauki, amma ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba.

Balaraba Ramat Yakubu ta ba Abu shafuffuka masu yawa, ta ba Sarkin Noma nasa. Gidan Hajiya Kumatu kuwa mai karatu ya fi ganinsa ta idon yarinyar da ta sami mafaka. Lissafin da matar gida ke yi kafin ta ce a kawo yarinyar, da mudun hatsin da zai ƙaru, da abin da mijinta zai ce, da gaisuwar da ɗan'uwanta zai daina yi mata, wannan labari ne da ke faruwa kowace shekara tsakanin Gidan Runji da Gazawa, kuma ya isa littafi guda.