Kyamarar Fim: Araha Ba Ta Ado

Tun Sallar da ta wuce muke ganin wasu samarinmu na nan Karshi suna rataye da tsofaffin kyamarori masu ido biyu, irin waɗanda mai hoto ke sunkuyawa ya leƙa ta sama. Abin ya burge mu. Dubi hoton auren iyayenmu, har yau yana jikin bango garau, amma namu na bara ya tafi tare da wayar da aka sace a motar Nyanya. Sai dai yadda ake sayen kyamarorin nan akwai gyara.

Babban fim suke ci, wanda ake kira 120. Nadi guda hoto 12 kacal yake bayarwa, kowanne santimita 6 tsawo da faɗi. Girman nan ne ke fito da aikin wuyan babbar riga zare-zare. Da irin wannan fim, a cikin Rolleiflex, marigayi Malick Sidibé na Bamako ya yi aikin da ya kai shi ga babbar lambar yabo a Venice a 2007. To amma Rolleiflex ba ta ɗan koyo ba ce, kuɗinta sai mai hali.

Holga, wadda aka fara yi a Hong Kong a 1982, ita ce ta fi araha, ita ce kuma ba mu yarda da ita ba. Idonta roba ne, haske na kutsawa ciki ya ɓata fim. Turawa na son wannan a matsayin ado, mu kuwa fuskar Baba muke so ta fito sosai. Lubitel ta Rasha ta fi ta, don idonta gilashi ne, sai dai saita ta sai da haƙuri. A ganinmu Yashica ta Japan ce daidai wa daida, ko Yashica-D ko Mat-124G da aka yi daga 1970 zuwa 1986. Jikinta ƙarfe ne, kuma ko ba batir tana ɗauka.

Yawancinsu gwanjo ne, saboda haka malam, kar ka tura kuɗi don ka ga hoto a Facebook. Riƙe ta a hannu. Haska tocila cikin idon, in ka ga fumfuna kamar saƙar gizo, ajiye musu kayansu. Danna ka saurara, shin tana buɗewa ta rufe ba tare da maƙalewa ba?

Babban kuskuren shi ne a zuba duk kuɗin a kyamara. Fim da wanki su ne cin kuɗin kullum. Kafin ka saya, ka tabbatar da inda za ka riƙa samun fim da wanda zai wanke maka. In ba haka ba, ka sayi doki ne babu ciyawa.

Wanda ya shirya kuma, ya fara da dattawan unguwa tun suna raye. Allah Ya ƙara musu lafiya.