Jinjina ga Masu Cajin Batir

A garejojin Kano, daga Ƙofar Ruwa zuwa Sabon Gari, ba a cika tuna masu cajin batir ba sai ranar da mota ta ƙi tashi.

Batirin mota yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma zafin bazara kan ƙafar da ruwansa, ya rage masa kwana. Gwani zai ɗora mita. In ta nuna 12.6, caji ya cika. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kawunan, ya ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba, ya ɗaure batirin tamau saboda ramukan titi.

Wani lokaci ma ya hana ka asara: "Alhaji, batirinka lafiya lau, altaneta ce ba ta caji."