Gidan Gilashin Kew da Yaƙinsa da Tsatsa

A lambun Kew da ke yammacin Landan akwai wani gini na ƙarfe da gilashi mai suna Palm House. Ko a tsakiyar hunturu, duk wanda ya tura ƙofarsa zafi da laima ne ke tarbarsa, mai tabarau kuwa sai ya tsaya ya goge. A ciki kwakwar manja ta Afirka ta Yamma ta yi kafaɗa da kafaɗa da koko da roba da ayaba. Wannan laimar da ke raya tsirran ita ce kuma ke cin ƙarfen da ke riƙe da rufin, kuma a nan wahalar adana irin waɗannan gine-gine take.

An gina shi tsakanin 1844 da 1848. Decimus Burton ne ya zana, amma gwanintar ƙarfen ta Richard Turner ce, wani maƙeri ɗan Dablin. Ya aro dabarar masu ƙera jiragen ruwa, ya lanƙwasa haƙarƙarin ƙarfe yadda za su ɗauki rufi ba tare da an cika ɗakin da ginshiƙai ba. Shi ya sa ginin, mai tsawon kusan mita 110 da tsayin mita 19, ya fito kamar jirgin da aka kife. Gilasai wajen 16,000 aka jera a jikinsa. An binne tukwanen dumama ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ana turo musu kwal ta wani rami, hayaƙin kuma yana fita ta wata hasumiya can nesa don kada ya ɓata kyan wurin.

Zamanin ne ya ba da dama. Ƙarfe ya yi arha, kwal ya wadata, sannan a 1845 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin gilashi. Ga kuma mulkin mallaka, wanda ya mai da tsiro dukiya. A 1876 Henry Wickham ya kwaso irin roba kusan 70,000 daga Barazil zuwa Kew, aka tsirar da kaɗan daga ciki a ɗakunan gilashi, aka tura su Silan da Malaya. Daga baya kasuwar roba ta kuɓuce wa Barazil.

Abin da ke faruwa idan aka saki irin wannan gini, wani wuri mai suna Chatsworth ya nuna shi. A can Joseph Paxton ya gina wa wani basarake katafaren gidan gilashi daga 1836, mai faɗin da har Sarauniya Biktoriya ta ratsa cikinsa a keken doki a 1843. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, kwal ya yi wuya, masu kula da lambun suka tafi fagen daga, sanyi ya kashe tsirran. A 1920 aka rushe shi, yau sai harsashin dutse ya rage.

Kew bai bi sahu ba domin an yarda a riƙa biyan kuɗin jinyarsa. Ruwa yana taruwa a jikin gilashi, ya gangaro ya maƙale a mahaɗar ƙarfe, fenti ya ɓare, tsatsa ta kumbura har ta tsaga gilashin. An yi masa babban gyara a shekarun 1950. Daga 1984 zuwa 1988 kuma aka kwance shi gaba ɗaya, aka maye siraran sandunan da ke riƙe gilashi da ƙarfe marar tsatsa. A irin wannan aiki masu adana kayan tarihi kan tsaya su yi dogon tunani: a ɗinke tsohon ƙarfen Turner, wanda shi ne shaidar aikinsa, ko a sa sabo mai ƙarko? Maƙwabcinsa, Temperate House, ya sha nasa gyaran daga 2013 zuwa 2018, aka kashe fam miliyan 41, aka sauya gilasai 15,000.

Su ma mazauna ɗakin ba a ɗauke su da wasa. Akwai wani tsiro mai kama da dabino da Francis Masson ya kawo daga Afirka ta Kudu a 1775, tun kafin a yi tunanin ginin. Gangar jikinsa ta karkace saboda tsufa, an tokare ta da ƙarafuna, kuma da aka sake masa tukunya a 2009 nauyinsa ya kai tan guda.

A 2025 hukumar lambun ta bayyana shirin rufe Palm House daga 2027 na wajen shekara biyar, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 60. Za a kankare fenti, a gyara ƙarfe, a sauya gilasan, a daina ƙona gas, a koma na'urorin dumama masu aiki da lantarki. Tuni masu lambun suka fara kwashe tsirrai zuwa ɗakunan wucin gadi, waɗanda suka fi ƙarfin ɗauka kuma ana tsirar da 'ya'yansu tun yanzu.