Kiɗan Goge na Bori a Ƙasar Arewa: Me ke Sosa Ran Mai Sauraro?

Tambayar da ɗalibanmu suka saba yi a darasin adabin baka ita ce: cikin kaɗe-kaɗen Arawa, wanne ya fi sosa rai? Game da Dogon Dutsi da garuruwan Dallol Mawri har zuwa Tibiri, amsarmu ita ce kiɗan goge na bori. Sai dai dalilin da aka saba bayarwa, wai sautin goge ya yi kama da kukan ɗan Adam, bai gamsar da mu ba.

Goge dai tsirkiya guda gare shi, ta gashin wutsiyar doki, bisa ƙwarya da aka rufe da fata. Masu kiɗan ƙwarya ke riƙe masa amo. Taken da yake yi gajere ne, ana ta maimaita shi, har wanda ya ji shi a kaset cikin ofis yakan gaji kafin a juya kaset ɗin. To amma a fili, take ɗaya ɗin nan shi ke sa dattijuwa hawaye, ya kayar da wata ƙasa. Dalili kuwa shi ne kowane iska da nasa take da kirari: na Doguwa dabam, na Mariya dabam. Wato mai goge suna yake kira, kuma wadda ta ji, ta san wanda ake kira, ta san ciwon da ya kai ta ga girka, ta tuna uwa ko kaka da iskan ya hau kafin ita.

Wannan ya zo daidai da ra'ayin Gilbert Rouget cikin La musique et la transe (1980), inda ya nuna cewa ba ƙarfin sauti ke jawo hawan iska ba, sanin ma'anarsa ne. Mun yarda da shi, amma ba duka ba. Mun sha ganin makaɗa biyu sun yi take ɗaya, na farko ya yi ta fama a banza, na biyu kuwa ya ja tsirkiya kaɗan, ya jinkirta, ya sake kirari daidai inda ya dace, sai fili ya ruɗe. Ashe ke nan gwaninta na da nata rabo, kuma ƴan bori da kansu suna bambanta gwani da ɗan koyo wajen yin kari.

Abin da ya dame mu shi ne makomar masu sauraron. Littafin Adeline Masquelier na 2001, Prayer Has Spoiled Everything, ya bayyana yadda bori ya rasa matsayi a Dogon Dutsi sa'ad da Musulunci ya ƙara kafuwa. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya ƙara matsa masa. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci kan addinin kowa. Amma ɗalibin da zai je ɗaukar sauti, ya kamata ya rubuta sunan iskan kowane take, da kirarinsa, da abin da tsofaffin godiyoyin bori suka ce take ɗin ke tuna musu, tun suna raye.