Damina a fim ɗin Hausa: ado ce kawai?

Mai karatu, ka taɓa lura da cewa a finafinanmu ba a yin ruwan sama sai idan saurayi da budurwa za su yi waƙa, ko kuma an koro matar aure da tsakar dare? Ni dai na daɗe ina lura, amma abin bai dame ni sosai ba sai a daminar da ta wuce, da na yi kwana huɗu a Ƙafin Maiyaki cikin ƙaramar hukumar Kiru. A can muka zauna kallon wani fim a wayar wani matashi. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, don ba shi kaɗai ke da laifin ba. Jarumin ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa yana kukan wahalar noman firi, sai wani dattijo a bayanmu ya fashe da dariya ya ce, "Kai, ku dubi gawon nan!"

Gawon da ke bayan jarumin ya yi kore shar. Duk wanda ya tashi a karkara ya san gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta: da damina take kaɗe ganye, da rani ta yi sabo, shi ya sa ma manomi ke barin ta a tsakiyar gona, ba ta tare wa shuka rana. Wato da rani aka ɗauki sin ɗin, aka ce mana damina ce. Darakta bai sani ba, mai kyamara bai sani ba, edita bai sani ba. Dattijon da bai taɓa shiga lokeshin ba shi ya gano.

Za ka ce ai ƙaramin kuskure ne. To, a wurina alama ce ta yadda 'yan fim suka ɗauki ƙauye. Tun daga Turmin Danya a 1990, musamman bayan Sangaya ya buɗe ƙofar rawa da waƙa, karkara a fim aiki biyu take yi. Ko dai ta zama wurin shaƙatawa, a kwashi 'yan wasa a mota a je bakin dam ɗin Tiga a Bebeji, a yi tsalle a kan duwatsu, a dawo Kano kafin magariba. Ko kuma ta zama gidan wawa, inda baƙauye ke cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya don 'yan birni su yi dariya. Finafinan camama irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, su ne ma suka fi nuna ƙauye na gaskiya, da danga da rumbu da turken awaki. Sai dai su ma dariya suka je nema.

Alhali kuwa labari yana nan zube a ƙasa. Ka bi hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa a ƙarshen bazara. Zafi ya kai maƙura, mangwaro ya nuna har yara sun gaji da jifa, an gama sharar gona, an kai takin gida an jibge shi tsibi-tsibi. Shamuwa ta dawo ta sauka a kan tsamiya, kowa na ɗaga kai yana duban gabas. Ga mutum ya kasa haƙuri ya yi binne, ya zuba irin da ya rage masa cikin busasshiyar ƙasa. Ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, da dare yara na kamun shinge a gindin fitila. Masara ta tsiro. Sai kuma sama ta ɗauke, mako biyu babu ɗigo. Mai karatu, don Allah wace kishiya ce a fim ta taɓa tayar maka da hankali kamar wannan mako biyun ke tayar wa mai gonar?

Ga kuma marka a watan Agusta, lokacin da gari ya fi kyan gani, kuma a lokacin rumbu ya fi zama fayau. Wannan koren da muke rawa a cikinsa, a daidai lokacin ne magidanci ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don a ɗora tukunya, ko ya ciwo bashin hatsi da sharaɗin ya biya fiye da haka da kaka. A nan ake ɗaga aure, a nan zumunci ke tsinkewa a kan iyakar gona, a nan ake rigima da makiyayi a kan burtali. Ban ga wanda ya taɓo wannan da gaske ba.

Abin haushin ma, Indiyawan da muke kwaikwayo ba haka suka yi ba. Iyayenmu sun kalli Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, har sun haddace shi. Me ke cikinsa? Bashin rufi 500 da aka ci don biki, mai ba da bashi Sukhilala yana kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, ambaliya ta cinye shuka, Nargis tana jan garma da wuyanta. Akwai waƙa, ƙwarai kuwa, amma cire ruwan sama daga fim ɗin ka ga in labari zai tsaya. Haka Lagaan na 2001, fari ne ya haifi rigimar gaba ɗaya. Mu sai muka ɗauko waƙar muka baro gonar.

Na san hujjar furodusoshi, kuma ba duka ce ƙarya ba. Fim ɗin da za a gama cikin kwana bakwai ba ya jiran hadari. Ruwa na lalata kayan aiki, mota na kafewa a laka, jarumi na da wani lokeshin gobe. A zamanin kaset na yarda. Amma yanzu da ake yin fim mai dogon zango a YouTube da Arewa24, ana shafe watanni ana ɗauka, ga kyamara mai tashi sama, me zai hana a bi gona guda tun daga shuka har girbi? Da kyamarar mai tashi ɗin ma, abin da ake yi shi ne a hasko rufin gari na daƙiƙa biyar, sai a koma falo.

Marubutan littattafai su ma kada su yi murna, don a yawancin littattafan soyayya hadari ba ya haɗuwa sai jaruma tana kuka a bakin taga.

Kafin in baro Ƙafin Maiyaki na tambayi dattijon nan wane fim zai so a yi. Ya ce shi bai san fim ba, amma in 'yan fim na so, su zo ranar da aka kwana ana ruwa, su iso kafin fitowar rana, su ga yadda gari ke watsewa zuwa gona har da 'yan mata da ƙoƙon iri. Ya ƙara da cewa su taho da takalmin roba.