Allurar Sin da injin da ke "ganin" ciwo: sharhi kan takardar da aka raba mana

Makonni uku ke nan da aka fara raba wata takarda a ƙofar masallatai bayan sallar Juma'a, daga Limawa har Kwangila. Shafi huɗu ce, Hausa da Turanci, da hoton wani dattijo Basine mai farin gemu a gaba. Ta ce maganin gargajiyar Sin mai shekara 5,000 ya iso Minna, ta kuma jero abin da yake warkarwa: hawan jini, ciwon suga, olsa, basir, sanyin mata, rashin haihuwa, shanyewar ɓarin jiki, har da sikila. Gwaji kuma kyauta. Da yake iyayenmu mata sun riga sun fara tururuwa, mu ma muka je, muka zauna a benci, muka karanta takardar tun daga farko har ƙarshe.

Akwai inda ta faɗi gaskiya, kuma ba za mu tauye mata haƙƙi ba. Ta ce maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu daga ganyen Sin ya samo asali. Haka ne. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin maleriya, saboda sojoji na mutuwa a yaƙin Biyetnam. Wata mai bincike, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka yi ta gwadawa. Wani tsohon littafi na ƙarni na huɗu ne ya nuna musu cewa kada a dafa ganyen, domin zafi na kashe ƙarfinsa. A farkon shekarun 1970 suka fitar da sinadarin atimisinin, wanda shi ne ƙashin bayan Coartem da ire-irensa, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ganyen ɗan uwan tazargadenmu ne.

Sai dai takardar ta ba da rabin labarin ne ta ɓoye rabi. Cikin haɗe-haɗen nan masu ɗimbin yawa, kusan duka sun faɗi jarrabawa. Wanda ya tsira, sai da aka gwada shi a jikin ɓeraye da birai, sannan mutane, aka auna adadin da za a sha. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a jiƙa ganyen a sha a matsayin maganin maleriya ba, don ba wanda ya san yawan sinadarin da ke cikin kofi ɗaya, kuma shan kaɗan yana koya wa ƙwayar cutar jure wa magani. Kun tuna ruwan maganin korona da aka kawo daga Madagaska a 2020? Shi ma daga wannan ganye ne, kuma da cibiyar NIPRD ta Abuja ta duba shi ba ta sami shaidar yana warkar da korona ba.

Batun shekara 5,000 kuwa, an ƙara gishiri. Littafi mafi tsufa da ya tsara ilimin allurar bai wuce shekara 2,000 da ɗoriya ba. Ko da ma ya kai, tsufa ba hujja ba ce. Camfin cewa mai ciki kada ta ci ƙwai ma ya girme mu duka.

Mu zo kan allurar, wadda Turawa ke kira akufanca. Da yawa cikin waɗanda muka tarar a benci sun ɗauka irin ta asibiti ce mai ruwan magani. A'a. Siririyar allura ce kamar gashi, ba komai a cikinta, ana soka ta a wasu wurare na jiki a bar ta kamar minti ashirin zuwa talatin. Sinawan dā sun ce akwai wani ƙarfi mai suna "ci" da ke gudana a hanyoyi cikin jiki, idan ya toshe sai ciwo ya zo, allura ke buɗe shi. Masu fiɗar jikin ɗan Adam ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi ba. Amma rashin ganinsu bai isa a ce allurar ba ta komai ba, shi ya sa aka gwada ta.

Gwajin da ya fi ba mu sha'awa an yi shi ne a Jamus, aka wallafa a 2007, kan masu ciwon baya fiye da 1,100. Aka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu allurar yadda malamanta suka tsara. Na biyu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba su ne na littafi ba, su kuma ba su sani ba. Na uku aka ba su kulawar da aka saba, ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin 100 na rukunin farko sun sami sauƙi, na biyu kashi 44, na uku kashi 27. To, ku duba da kyau. Allura ta fi abin da aka saba, wannan gaskiya ne. Amma ta gaske da ta bogi kusan kunnen doki suka yi, wanda ke nuna cewa sirrin ba ya cikin taswirar nan ta jiki da aka manna a bango. Wani ɓangare na sauƙin daga sukar fatar ne, wani daga kwanciya rabin awa ana kula da kai, kana sa ran warkewa. Mu ba mu raina wannan ba. Tsohuwar da ta shekara goma da ciwon gwiwa, in ta sami barci, ta sami abu. Ciwon baya, ciwon gwiwa, ciwon kai mai yawan dawowa: nan ne allurar ke da 'yar hujja. Ciwon suga da sikila da rashin haihuwa ba su cikin lissafi, kuma takardar da ta sa su a jeri ɗaya ta yaudari mai karatu.

Allura kuma allura ce. Mun sha wahala kafin wanzamanmu su karɓi dokar sabuwar reza ga kowane kai, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Wannan doka ta hau kan mai allurar Sin. A ɓare sabuwa a gabanka, a jefar bayan an gama. Wanda bai ƙware ba, in ya soka a ƙirji ko bayan kafaɗa ya zurfafa, yana iya huda huhu. A Nijeriya, majalisar da ke rajistar likitoci, MDCN, ita ke rajistar masu wannan sana'a. Mun tambayi takardar shaida a wurin da muka je, aka nuna mana hoton wani taro a firam.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne injin. Za ka riƙe wani ƙarfe a hannu, an jona shi da kwamfuta, cikin minti ɗaya ta fitar da shafuka: hantarka ta gaji, ƙodarka ta yi rauni, jininka ya yi kauri. Wannan ko kusa ba maganin gargajiyar Sin ba ne, domin likitan gargajiyarsu bugun jijiyar hannu yake ji, ya duba harshe, ya yi tambayoyi. Ba na asibiti ba ne kuma. Wani yaronmu ɗalibin jami'a da ke Bosso ya yi gwajin da safe ya ce shekararsa 24, ya koma da yamma da wata riga ya ce 52. Da safe lafiyarsa ƙalau sai 'yar olsa. Da yamma ya zama mai ciwon mafitsara da zaizayar ƙashi. Duk biyun an rubuta masa kwalabe, na yamma kuɗinsu ya haura naira 40,000. Gwajin kyauta ne, sakamakon ne ke da tsada.

Kwalaben suna da lambar NAFDAC, mai sayarwa kuma na nuna ta kamar fatawa. Ku duba ƙarshen lambar. In da harafin L, ma'anarsa an yi masa rajistar wucin gadi bayan an duba ba ya cutarwa nan take, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Galibi ma an rubuta hakan a jikin kwalin da ƙananan baƙaƙe. Kalmar "ganye ne zalla" kuma kada ta kwantar wa kowa da hankali. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata kusan 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiron Sin da aka musanya bisa kuskure, wasu daga baya suka kamu da daji. Tsiron nan dangin duman dutse ne, wanda masu magani ke shimfiɗawa a kasuwanninmu, don haka gargaɗin bai tsaya kan kayan Caina kaɗai ba.

Shafin ƙarshe ba ya maganar lafiya ma sam. Kira ne ka yi rajista, ka kawo mutum uku, su ma su kawo uku-uku, ka sami mota. Shi ya sa mai ba ka shawara kan ƙodarka yau, jiya katin waya yake sayarwa.

Wata maƙwabciyarmu, Hajiya ce da ta haura sittin, ta ajiye ƙwayar hawan jininta kwana goma sha biyu saboda an ce mata shayin zai wanke jijiyoyi. Ciwon kai ya hana ta tashi sallar asuba. Da aka kai ta Babban Asibitin Minna aka auna, jinin ya kai 190. Allah ya kiyaye, ta koma kan maganinta. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma a can Sin ɗin ma, asibitoci irin ƙwayoyin nan namu suke ba masu shi.

Masu injin sun ce za su dawo ranar Asabar. Za mu sake zuwa, wannan karon da na'urar awon jini ta wata 'yarmu ma'aikaciyar jinya, mu zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya fito da takardar kwamfuta a hannu, ya tsaya mu auna shi kafin ya wuce wurin biya.