Fiyano da Ƙarar Ruwa: Nazari Kan Tace Gajeren Fim

Kalmar "tacewa" aiki biyu take yi a bakin 'yan fim. Akwai ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, akwai kuma wadda ake yi a ɗan ɗaki gaban kwamfuta, bayan an naɗe kayan aiki kowa ya watse. Ta biyun ba a cika zancenta ba, alhali a nan fim ke miƙewa ko ya durƙushe.

Masana'antar fina-finan Hausa da ta faro da *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ba ta daɗe ba ta rungumi fiyanon Yamaha, musamman ta hanyar situdiyon Iyan-Tama a Kano. Da *Sangaya* ya fito a 1999 waƙarsa ta karaɗe gidaje, sai fiyano ya samu gindin zama. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun fi ayarin makaɗa araha, kuma kiɗan yana rufa wa sauti asiri idan janareta ko iska sun ɓata abin da aka ɗauka. Sannu a hankali dabarar rufin asiri ta zama al'ada. Kuka da kiɗansa, tafiya da kiɗanta, ko sallama aka yi sai an ɗora wani abu a ƙarƙashi.

Matasan da ke tace gajeren fim a waya da CapCut sun gaji wannan al'ada, kuma a nan ta fi ɓarna, domin fim na minti biyar ba shi da wurin ɓoye kuskure. Mu ɗauka wani ɗan Miga ne ya ɗauko hoton ambaliya irin ta 2022, lokacin da Kogin Haɗeja ya cinye gonaki. Ga dattijo tsaye ruwa har ƙugu, yana lalubar kan shinkafarsa da hannu, ya ɗago zangarniya ɗaya ya daɗe yana kallonta. Abin da aka saba shi ne a datse hoton bayan daƙiƙa biyu, a ɗora fiyanon tausayi. Da an bar shi ya yi daƙiƙa goma, da an ji filafili na bugun ruwa a gefen kwalekwale, da kukan kwaɗi, da ciyawar kacala na kaɗawa, mai kallo da kansa zai ji nauyin asarar. Fiyanon kuwa ya riga shi yin kukan.

Ban ce a kori kiɗa ba. Gurmi ko sarewa, idan aka shigo da su sau ɗaya a inda magana ta ƙare, suna yin abin da baki ya kasa.

Don haka, ɗan'uwa mai tacewa a Miga, Jahun ko Auyo, kafin ka ɗora kiɗa, sa abin sauraro a kunne ka ji abin da wurin ya ba ka tukuna.